Oga Mudu

Hoton ya sake fitowa toka-toka, babu ɗigon ja ko ɗaya a cikinsa.

Dakta Zuhra ta daɗe tana kallonsa, hannunta a kan bakinta. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, babu taga, ba a sanin rana ake yi a waje ko hadari ne ya haɗo, sai sanyi da wani gurnani mara yankewa da ke fitowa ta jikin bango. Ta cikin gilashi tana hango ƙafafun tsohuwar da ke kwance a cikin injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, 'yan ƙananan ƙafafu masu tsohon lalle. Hajiya Luba ke nan, wadda da safen nan ta dubi 'yar cikinta, ta tambaye ta cikin ladabi ko ita 'yar gidan wane ce. Amma ga inji yana cewa kanta ba shi da bambanci da na mai lafiya.

"Madam, ya sake yi," in ji George, masanin injin, mutumin Filato da suka fara aikin nan tare tun ginin bai bushe ba. "Wallahi wannan inji ba ta da laifi. Na buɗe ta, na auna ta, saura kawai in yi mata wanka."

"Ban ce injinka ba ne."

"Ba ki ce ba, amma kina kallona."

Ba ta yi dariya ba. Jibi kwamitin cibiyar zai zauna, kuma sun riga sun gaya mata abin da suke jira: ko ta kawo dalilin da ya sa sinadarinta ya makance tun farkon damina, ko kuma ta tsaya a gabansu ta ce ba ya aiki, a janye duk abin da ta wallafa a kansa, a rufe sashen.

Sinadarin nan kuwa shi ne rabin rayuwarta. Tun tana ɗalibar kimiyyar haɗe-haɗe a Zariya, har shekarun da ta yi a ƙasar sanyi tana cin burodi a tsaye a ɗakin gwaji, abu ɗaya take bi. Cutar mantuwa tana tara wani danƙo a cikin ƙwaƙwalwa tun kafin mai ita ya fara mance inda ya ajiye hularsa. Zuhra ta haɗa wani ruwa, garau kamar hawaye, wanda in an yi wa mutum allurarsa zai bi jini ya hau kai, ya manne a jikin danƙon, ya riƙa fitar da wani haske da ido ba ya gani sai inji. Ma'aikata suna ce masa ruwan Dakta. Ba ya ajiyuwa. Da safe ake haɗa shi a bayan katanga mai kauri, a ɗauko shi a cikin tukunyar dalma, kuma tun daga lokacin yake mutuwa. Kafin awa biyu rabin ƙarfinsa ya tafi. Zuhra takan ce ba ta taɓa ganin abin da ya yi kama da ɗan Adam kamarsa ba.

Sai dai hoton mara lafiya shi kaɗai ba ya faɗin komai, domin ko kan mai lafiya yana ɗan haskawa. Dole a sami kan mai lafiya a gwada da shi. Kwamfuta takan ɗora hoto a kan hoto, ta cire abin da suka yi tarayya a kai, abin da ya rage na cutar ya fito ja.

A nan ne Abuja ta gwada mata halinta. Da ta dawo gida ta buɗe sashen a hanyar Gwagwalada, marasa lafiya sun zo, 'ya'yansu na riƙe da hannunsu. Mai lafiya kuwa ko ɗaya. Labari ya zaga kasuwa cewa ruwan nukiliya ne, yana ƙone wa namiji ƙarfinsa, yana busar da mahaifa. Wani direba da ya amsa, yana ganin tukunyar dalma ya ce zai je ya kama ruwa, har yau bai dawo ba. Ma'aikatan sashen kuma doka ta hana a yi musu allurar, tunda kullum a cikin hasken suke aiki.

Sai mijinta ya tashi. Maliki, tsohon ma'aikacin safiyo, mai awon filaye da tituna, da ya yi ritaya daga ma'aikata, dogon mutum mai yawan barkwanci, wanda ya jira ta duk shekarun da ta yi a waje bai taɓa cewa ta dawo ba. Ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa mata damtse.

"Zuba, Dakta. Ni kaina ba kowa a ciki sai ke, in ma ya haska ke za a gani."

Daga ranar kansa ya zama abin awo. Shi da bakinsa ya ce ai ya zama mudu, kowa da shi ake auna shi, sai sunan ya bi shi: Oga Mudu. Kuma tunda injin yana sauya hali duk lokacin da injiniyoyi suka zo suka gyara shi, Zuhra ta kafa ƙa'ida da hannunta: duk shekara bayan gyara, a ajiye tsohon hoton Maliki, a ɗauki sabo. Yakan zo da goronsa, ya tsokani masu gadi, ya kwanta a cikin injin har ya yi minshari.

Bana da aka ɗauki sabon, kansa ya haska gaba ɗaya, daidai da na marasa lafiya. Ita da George suka dubi juna suka ce ruwan ya lalace, ya fara manne wa kowa, har mai lafiya. Suka sauya kwalabe, suka sauya kamfanin da ke kawo kayan haɗi, suka zargi janareto, suka zargi ruwan rijiyar burtsatse. Ta rame. Maliki yana ta lallashinta da gasasshiyar masara.

Aka fito da Hajiya Luba. Zuhra ta shiga ta tarar da 'yarta Najwa tana ɗaura mata ɗankwali, wata matashiyar ma'aikaciyar banki da idanunta suka faɗa saboda rashin barci.

"Dakta, me ya nuna?"

"Bai nuna komai ba."

"Wato lafiyarta ƙalau?" Najwa ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Jiya fa ta zuba shinkafa a cikin takalmina ta ce baƙi na zuwa. Daga Jikwoyi muka taso tun asuba, a cikin gosulon nan, don a ce mana lafiyarta ƙalau?"

"Ban ce haka ba. Na ce hotona bai nuna ba. Laifin daga wajena yake, ba daga wajenta ba."

Tsohuwar ba ta sauraren su. Ta juya tana kallon bakin injin, wannan farin rami mai zagaye da aka zaro ta daga ciki, kallon da ake yi wa ƙofar ɗakin da aka bar wani a ciki. Sai ta kama hannun Zuhra. Tafinta sanyi ƙalau.

"'Yata, wancan bawan Allah fa? Ba za ku fito da shi ba?"

"Wa, Hajiya?"

"Na cikin nan. Dogo. A kansa kuka kwantar da ni, ina ta ba shi haƙuri." Ta yi ƙasa da murya kamar mai faɗin sirrin maƙwabta. "Hanyarmu ɗaya da shi. Shi dai bai riga ya san ya taso ba."

"Mama, ba kowa a ciki," in ji Najwa. "Ki yi haƙuri, Dakta, haka take yi. Shekaranjiya ma ta ce akwai mutum a cikin firij."

Suka fita. Zuhra ta tsaya ita kaɗai a gaban injin. Ta san maganar mai cutar mantuwa ba abin kamawa ba ce, ta ji irinta ba iyaka, ta ji waɗanda suka fi wannan. Duk da haka ta sunkuya ta leƙa cikin ramin. Babu komai sai farin zani da ɗan lotsawar da kan tsohuwar ya bari a matashi. Ta miƙe da sauri. Domin gaskiya ne, a duk faɗin ginin nan mutum ɗaya ne ake kwantar da kowa a kansa, kuma dogo ne.

Wani tunani ya zo ya tsaya a bayanta kamar mutum. Ta ƙi juyawa ta dube shi. Wata da watanni sun tuhumi kwalba, sun tuhumi inji, sun tuhumi wuta da ruwa. Abu ɗaya ne ba su taɓa tuhuma ba, saboda shi ne yake kawo mata shayi da safe.

Ta koma ɗakin kwamfuta.

"George, ruwan yau ya rage?"

"Saura na mutum ɗaya. Amma ya fara tafiya, Madam, in aka ƙara jimawa sai zubarwa."

"Ɗauko. Ni za ka yi wa."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Ke da kanki kika liƙa dokar a bango."

"Na sani."

"In aka ji, ni da ke duk sai an kore mu. Ni kuma matata ba ta san zaman gida da ni ba, kashe ni za ta yi."

"Ka ce na tilasta ka. Muna buƙatar kan wani mai lafiya, George. Wani daban."

Ya buɗe baki zai yi wata tsokanar, sai kalmar ta isa inda za ta isa. Fuskarsa ta sauya. Ya sa safar hannu ya tafi ya ɗauko tukunyar dalma.

Ruwan ya shiga jijiyarta da ɗan sanyi. Shekaru tana haɗa shi, ba ta taɓa sanin yana da sanyi ba. Aka bar ta a ɗakin jira mai duhu-duhu, inda ake barin kowa har ruwan ya gama hawa kai, an hana motsi, an hana magana. A nan abubuwa suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya, ba ta kira su ba. Ranar da Maliki ya dawo daga masallacin Juma'a a ƙafa ya bar motar a can, suka yi ta dariya. Yadda ya daina gyara wa direbobin tasi hanya, shi da ya auna rabin titunan garin nan da ƙafarsa. Yadda kwanan nan yake kiran kowa "mutumina". Ta ga duk wannan, da idon nan nata da ya ƙware a kan wannan cuta, ta ce tsufa ne da zolaya.

Da George ya tura ta cikin ramin, farin rufin ya tsaya dab da hancinta, gurnanin ya kewaye ta. Ta ji ƙamshin man da ke kan Hajiya Luba a jikin matashin. Ta rufe ido, sai ta ji kamar ba a kan katifa take ba, kamar akwai faɗin ƙirjin wani a ƙarƙashin bayanta, yana numfashi a hankali, numfashin da ta sani.

Nan Zuhra ta yi addu'ar da ba ta taɓa zaton za ta yi ba. Ya Allah, ka sa kaina ya haska. Ka sa ruwan nan ya zama ƙarya. In nata kan ya haska, to ruwan ne ya lalace, yana manne wa kowa, Maliki lafiyarsa lau. Za ta tsaya a gaban kwamiti jibi ta ce ta yi kuskure, a cire sunanta daga ko'ina, a mai da sashen ɗakin ajiya, ta koma gida ta zauna kusa da shi suna cin masara. Ta roƙa da dukkan zuciyarta, hawaye na gangarawa cikin kunnuwanta, ba ta da ikon ɗaga hannu ta share.

Da aka zaro ta, George ba ya wajen. Ta same shi a gaban kwamfuta, ya haɗa hannuwa a bayan ƙeya.

Kanta ne a kan allon. Duhu, lumui, sai ɗan hasken da ba a rasa wa kowa. Ba ta taɓa ganin hoto mai tsabta kamarsa ba, ba ta kuma taɓa ƙin wani hoto kamarsa ba.

"Na ɗora Hajiya a kanki," in ji George a hankali. Ya danna. Ja ya bazu a kan tsohuwar, gaba da gefe da gefe, daidai wuraren da cutar take zama.

"Ɗora shi."

"Madam."

"Ɗora shi, George."

Ya ɗora hoton Maliki na bana a kan nata. Ja ɗin bai bambanta da na tsohuwar ba. Sai ya jawo tsofaffin hotunan Maliki da aka ajiye, ya jera su. Na farkon duhu ne kamar nata. Daga nan haske ya fara a wani lungu, ɗan mitsitsi, shekara ta gaba ya ƙaru, ta gaba ya haura. Duk shekara sun ɗauki sabon sun mai da shi ma'aunin lafiya, jan marasa lafiya yana ta raguwa, su kuma suna cewa sun ƙara iya saita inji.

"Ruwanki lafiya lau yake," in ji George. "Bai taɓa yin ƙarya ba. Tun kafin kowa ya gani, shi ya gani. Ban san ko barka zan ce miki ba ko sannu."

"Kada ka ce komai."

Ta san abin da ya rage. In ta nuna wa kwamiti wannan, aikinta ya tsira, har ma ya fi da, domin ga shaidar cewa ruwan yana ganin cutar shekaru kafin ta bayyana. Amma babu wanda bai san Oga Mudu ba a ginin nan, daga shugaba har mai shara. Ba ta da ikon buɗe kansa a gaban mutane sai da izininsa. Kuma ba ta da hanyar neman izinin sai ta gaya masa.

Ta hau matakala ta fito. Hasken la'asar ya mare ta. An yi ruwa an ɗauke ba ta sani ba, ƙasa na tururi, duwatsun nesa sun yi shuɗi. Maliki na jingine da mota a gindin mangwaro, kamar kullum, yana gardamar ƙwallo da mai gadi.

"Ga Dakta nan," ya ce. "Mutumina, kama bakinka, hukuma ta fito."

"Baban Nabila, kawo makullin. Yau ni zan ja."

"Ikon Allah. Me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Kuma ka zauna a baya, an yi mini allurar ruwan, kada ka matso ni sai anjima."

"Yau ni ne oga ke nan." Ya shige baya ya harɗe ƙafa. "Direba, Kubwa. A bi a hankali, ina da iyali."

Ta ja har suka bar cunkoson Gwagwalada, sannan ta gangara gefen titi kusa da wata gonar masara ta kashe motar. Ba ta juya ba. A madubi ta dube shi, ta gaya masa komai, tiryan-tiryan, yadda take gaya wa 'ya'yan marasa lafiya. Manyan motoci na wucewa suna girgiza su.

Ya daɗe yana kallon gonar.

"Wato mudun ne ya lotse," ya ce.

"Eh."

"Shi ya sa." Ya shafa gemunsa. "Kwanaki na tsaya a sallah, na rasa ko na yi ruku'u. Na ce shaiɗan ne. Ashe bawan Allah ba ruwansa." Ya yi 'yar dariya. "Zan kai inda ba zan san ki ba?"

Ta so ta yi masa ƙarya. "Za ka iya kaiwa. Ba yanzu ba. Akwai abin da za mu yi mu ja lokaci."

"To ruwan naki fa? Gaskiya yake faɗa?"

"Gaskiya yake faɗa."

"Alhamdu lillahi. To ki je ki gaya musu. Ki faɗi sunana, kada ki ce wani bawan Allah, ki ce Maliki ne, mijina. Shekarun da na yi ina cin tuwon gidan yayata ina jiran ki gama haɗa abin nan, ba za su tafi a banza ba saboda ana jin kunyar kaina." Ya miƙo hannu zai dafa kafaɗarta, ya tuna, ya janye. "Sai dai ki nemo wani mudun. George ya kawo surukarsa, ita ba abin da take mantawa."

Ta yi dariya tana kuka, goshinta a kan sitiyari. Ya bar ta ta gama. Sannan ta share fuska da gefen mayafi, ta tayar da motar suka hau titi. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, wani ya hau. Jibi za ta tsaya a gabansu da hotunan nan, da izininsa, da kalmominsa.

Suka wuce Zuba, babban dutsen wurin ya tsaya a gefensu baƙi ƙirin, gajimare ya rufe masa kai. Maliki ya jingina a baya har ta zaci barci ya yi. Wajen kwanar Dei-Dei ta ji ya gyara zama. Ta ɗaga ido ta dubi madubi. Fuskarsa a sake take, babu damuwa ko kaɗan, yana mata murmushin nan da ya sa ta aure shi.

"Af, Dakta, ban tambaye ki ba," ya ce. "Yaya aikin yau? Kun gano abin da ke damun ruwan naki kuwa?"

Ta dubi titi, ta sake duban madubi, ko zai fashe da dariya ya ce tsokana ce. Yana nan yana jiran amsa, da kulawa, da ƙauna.

Ta kunna sigina, ta fara neman wurin da za ta sake tsayawa.